Daga tsargiya zuwa sankarar mafitsara: alamar sukari da likitoci ke koyon karantawa



Duk wanda ya tashi kusa da gulbi ko tabki a jihar Maraɗi ya san tsargiya. Yaro ya yini yana iyo a tabki da damina, bayan 'yan watanni sai a ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Manya su ce ba komai, zai bari in ya girma. A wasu garuruwan ma ɗaukar abin ake kamar alamar balaga. Gaskiya ne, da yawa jinin yakan ɗauke. Amma akwai waɗanda bayan shekara 30 ko 40 jinin ke dawo musu, kuma a wannan karon sankara ce ta kama mafitsara.

Yau muna son mu bayyana abin da ke faruwa a cikin jiki tsakanin wancan jinin na ƙuruciya da wannan na girma. Masana sun gano cewa akwai wani irin sukari da ke manne a jikin ƙwayoyin halittarmu, kuma siffarsa tana sauyawa idan sankara ta fara. Maganar tana da ɗan zurfi, amma ku biyo mu a hankali, don ta shafi gidan kowa.

Wane sukari ke nan?

Mu fara kawar da ruɗani. Ba sukarin shayi ko na koko muke nufi ba, kuma maganar ba ta ciwon sukari ba ce. Wanda ya bar shan sukari gaba ɗaya, jikinsa zai ci gaba da ƙera wannan da muke magana a kai, don in babu shi babu rayuwa.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani. Ma'aikatan da ke cikin kowace ƙwaya su ne ake kira furotin. Idan ƙwaya ta ƙera furotin, kafin ta fitar da shi takan ɗaura masa 'yan sarƙoƙi na sukari masu rassa kamar reshen itace. Masana sun kiyasta cewa kusan rabin furotin ɗin jikinmu, ko fiye, suna ɗauke da irin waɗannan sarƙoƙi. Da iri kusan 10 na sukari ake harhaɗa su. Akwai galaktos, da mannos, da fukos, da wani mai suna siyalik wanda yakan zauna a can ƙarshen reshe. Ku riƙe sunan siyalik, za mu dawo kansa.

Mene ne amfaninsu? Mu nan mun san zanen fuska. A da, mutum ya shigo kasuwar Tibiri, kafin ya buɗe baki an san Bagobiri ne ko Bakatsine, saboda askar da wanzami ya yi masa. To haka sarƙoƙin sukarin nan suke ga ƙwayar halitta. Da su sojojin jiki ke gane ɗan gida da baƙo. Da su kuma ƙwaya ke sanin wadda za ta manne wa da inda za ta tsaya.

Akwai misalin da kowa ya sani. Idan mace ta zubar da jini wajen haihuwa aka ce a nemo mai ba da jini, sai an duba rukuni: A ne, B ne, AB ne ko O. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, shi ya gano rukunonin jini a 1901. Daga baya aka fahimci cewa bambancin A da B ƙwayar sukari guda ce tak a ƙarshen sarƙa. Mai A yana da iri ɗaya, mai B yana da wani, mai O ba ya da ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan ɗan bambancin ya isa ya kashe mutum in aka ƙara masa jinin da ba nasa ba. Kun ga ke nan abin ba na wasa ba ne.

Yadda mafitsara ke kare kanta

Fitsari ruwa ne mai ɗauke da dattin jiki, kuma mafitsara tana riƙe shi awa da awanni. Abin da ke hana shi cin bangonta shi ne wani shafe na furotin masu sukari da ke lulluɓe da cikinta, kamar yaɓen da ake yi wa rumbu. Ƙoda ma tana zuba wani furotin mai yawan sukari a cikin fitsari, sunansa uromodulin. Ƙwayoyin cutar da ke kawo ciwon sanyin fitsari sukan nemi sukarin mannos na bangon mafitsara su kama. To shi uromodulin yana ɗauke da irin wannan mannos ɗin, sai su kama shi a maimakon bango, fitsari ya yi waje da su.

Sankara tana ɓata wannan tsari. Ƙwayar da ta zama ta sankara ba ta gama ƙera sarƙoƙinta yadda ya kamata. Wasu su fito guntaye, wasu su yi rassa fiye da kima, kuma sau da yawa ana lafta musu siyalik. Tun shekarun 1970 likitoci suka lura cewa ƙwayoyin mafitsarar mai lafiya suna ɗauke da alamar rukunin jininsa, A ko B, amma a sankarar da ke shirin kutsawa cikin naman bango alamar takan ɓace.

Sauyin nan yana yi wa sankara aiki ta hanya uku. Na farko, ƙwayoyin suna rage manne wa juna, sai su ɓalle su kutsa ciki. Na biyu, yawan siyalik yana yaudarar sojojin jiki. Akwai wasu makama a jikin fararen ƙwayoyin jini da idan suka taɓa siyalik sai su ɗauka ɗan gida ne, su janye. Na uku, akwai wata sarƙa da fararen ƙwayoyin jini ke amfani da ita su kama bangon jijiya idan za su fita zuwa inda ciwo yake. Ƙwayar sankara takan ƙera irinta, ta bi jini, ta sauka a huhu ko hanta ko ƙashi. Abin da ake cewa ciwo ya bazu ke nan.

Ina tsargiya ta shigo?

Tsutsar tsargiya, wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya fara ganinta a birnin Alƙahira a 1851, shi ya sa a takardun asibiti za ku ga an rubuta bilharziose. Rayuwarta zagaye ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwan kwance. Daga nan su fito da yawa su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan: mai wanka, mai wanki, masunci, mai ban ruwan garka, yaro mai shayar da dabbobi. A cikin jiki tsutsar ta girma, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ɗaruruwan ƙwai a kowace rana har tsawon shekaru.

Wasu ƙwan suna fita da fitsari, su ne ke tsaga bango jini ya biyo. Sauran kuma suna maƙalewa a cikin naman bangon. Jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya kumbura, ya warke, ya sake kumbura, shekara da shekaru. A irin wannan wuri da ba ya hutawa ne ƙwayoyi ke sauya hali. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya danganta tsargiya da sankarar mafitsara a Masar. A 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsutsar tsargiyar fitsari a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

A Turai da Amurka, taba sigari ce kan gaba wajen kawo sankarar mafitsara, kuma yawanci tsofaffi 'yan sama da 60 take kamawa. A ƙasashen da tsargiya ta yi yawa kuwa, wani nau'i ne daban ya fi bayyana, yana kama mutane tun suna 'yan 40 ko 50, lokacin da suke riƙe da gida da gona. Likitocin asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun ba da rahoton cewa wannan nau'i mai alaƙa da tsargiya shi ya fi yawa a cikin masu sankarar mafitsara da suka duba. Mu da su kuwa ruwa ɗaya muke sha: gulbin Maraɗi da ke ratsa ƙasar Gidan Rumji, can ƙasar Sakkwato yake gangarawa.

Ita ma tsutsar gwanar sukari ce. A wani bincike da aka wallafa a 2014, masana na birnin Porto a ƙasar Fotugal tare da abokan aikinsu na Angola sun duba naman mafitsarar masu tsargiya. Sun ga irin sarƙoƙin siyalik da aka sani a jikin sankara sun bayyana har a wuraren da ba su kai ga zama sankara ba tukuna. Sun kuma ga su kansu ƙwan tsutsar suna ɗauke da sarƙoƙi masu kama da na fararen ƙwayoyin jinin mutum. Wato baƙon ya yi zanen 'yan gida. Fatan masu binciken shi ne wata rana a iya duba waɗannan alamomi a gane, cikin dubban masu tsargiya, wa ya kamata a sa wa ido sosai.

Akwai ma inda aka riga aka ci moriyar sukarin tsutsar. Tana zubar da wasu sinadarai masu sukari a cikin jinin mai ɗauke da ita, ana kiransu CCA da CAA. Masana na jami'ar Leiden a ƙasar Holan sun ƙirƙiro awon da ke gano su a fitsari ko jini, ko da ba a ga ƙwai a madubin likita ba.

Dattawa da awon PSA

Ba mafitsara kaɗai abin ya shafa ba. A ƙasan mafitsarar namiji akwai wani ƙululu da likitoci ke kira furostat, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Idan namiji ya haura 50 yakan fara girma. Dattijo ya tashi sau huɗu ko biyar da dare, fitsari ya riƙa fita da kyar, wani lokaci ya tsaya cak sai an sa roba. Galibi girman tsufa ne kawai. Amma wani lokaci sankara ce, kuma an tabbatar ta fi kama maza baƙar fata, ta kuma fi yi musu illa.

Awon jinin da ake yi don duba wannan shi ne PSA. Shi PSA furotin ne da furostat ke ƙerawa, yana ɗauke da sarƙar sukari guda ɗaya. Amurka ta amince da awon a 1986 don bin diddigin masu ciwon, sannan a 1994 don neman ciwon. Matsalarsa ita ce yawa kawai yake faɗa. Girman tsufa yana ɗaga shi, ciwon sanyi yana ɗaga shi, sa roba ma yana ɗaga shi. Idan sakamako ya faɗa tsakanin 4 da 10, likita ba ya iya yanke hukunci sai an tsakuro nama da allura an duba. A cikin irin waɗannan maza, kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ake samu da sankara. Sauran ukun sun sha zafi, sun kashe kuɗi, hankalin iyali ya tashi.

Nan ne sarƙar nan guda ta yi rana. An gano cewa PSA ɗin da ƙwayar sankara ta ƙera, yadda aka ɗaura siyalik a ƙarshen sarƙarsa ya bambanta da na furostat mai girman tsufa. Masana na jami'ar Hirosaki a Japan sun gina awo a kan wannan bambanci, mai duba kashi nawa na PSA ɗin mutum ne ke da ɗaurin irin na sankara. Manufar ita ce a rage yawan waɗanda ake tsakura a banza. Haka nan a sankarar maraina, wadda ta fi kama samari, alamomi biyu da ake aunawa a jini, AFP da hCG, dukansu furotin ne masu sukari.

Wani abin da zai ba ku mamaki, gyaɗar da aka san ƙasar Maraɗi da ita tana da hannu a wannan ilimi. A cikin ƙwayar gyaɗa akwai wani furotin da ke kama wata guntuwar sarƙar sukari wadda a jikin mai lafiya take ɓoye, amma take fitowa fili a jikin ƙwayar sankara. Masu bincike sun daɗe suna tace shi suna shafa wa naman da aka tsakuro, don su ga inda ya kama. Amma fa a kula: aikin ɗakin bincike ne wannan. Cin gyaɗa ko ƙuliƙuli ba ya maganin sankara, kada wani mai tallar magani a kasuwa ya juya maganarmu.

Ilimin yana samun karɓuwa a duniya. A 2022 wata Ba'amurkiya, Carolyn Bertozzi, tana cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, saboda hanyar da ta samar ta ganin waɗannan sarƙoƙi a jikin ƙwaya mai rai. Yanzu ana gwajin magungunan da za su aske siyalik daga jikin ƙwayar sankara don sojojin jiki su gane ta.

Abin da ke hannunmu yau

Mu faɗa muku gaskiya: yawancin waɗannan awo na sukari suna matakin bincike ne, ko kuma suna manyan asibitocin ƙasashen waje. Wanda ya je CSI ta Gangara ko asibitin gundumar Agye gobe ba zai same su ba. To me ya sa muka ɗauki lokacinku? Saboda binciken ya nuna abu guda a fili: mafitsarar mai tsargiya tana sauyawa a hankali, shekaru kafin ciwon ya fito. Wannan tazarar ita ce damarmu, kuma ba ta buƙatar na'ura mai tsada.

Na ɗaya, maganin tsargiya yana nan, sunansa praziquantel. Tun 2004 Nijar ta fara shirin ƙasa na rabon shi, musamman ga yara 'yan lakwal. Da sandar awon tsawo ake sanin ƙwaya nawa yaro zai sha. A tabbatar ya ci abinci kafin ya sha, don in ciki ba komai yakan sa jiri da murɗa. Iyaye, idan rabo ya zo kada a ɓoye yara. A kuma tuna da almajirai, da 'yan matan da ba sa zuwa lakwal, da yaran makiyaya, don su suka fi shiga ruwa. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sabuwa shiga, shi ya sa ake maimaitawa.

Na biyu, a rage shiga ruwan kwance, a kuma hana yin fitsari a ciki ko a bakinsa. Mun san da wuya a ce wa mai garka ko mai wanki ya bar tabki. Inda akwai rijiya ko famfo, a yi wanka da ruwansu. Ruwan tabkin da aka ɗebo aka ajiye kwana 2, 'ya'yan tsutsar da ke ciki sun mutu, ana iya wanka da shi.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi muhimmanci: babban mutum, namiji ko mace, da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ya je likita. Rashin zafin ma shi ne abin tsoro, don haka sankarar mafitsara ta saba farawa. Jinin yakan zo ya ɗauke, mutum ya sha jiƙo ya ce ya warke, alhali ciwon yana ci. Ku fara da majo na CSI mafi kusa. Idan za a duba ƙwan tsargiya, fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna su. Idan an sha magani jini bai tsaya ba, ko ya dawo, ku nemi a tura ku gaba a yi hoton eko. A Maraɗi akwai babban asibitin jiha da asibitin Référence, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, wadda ta fara gashin sankara da na'ura a 2021.

Mata, ku ma abin ya shafe ku. Sau da yawa mace takan ɗauki jinin fitsari a matsayin na al'ada, ko kunya ta hana ta faɗa. Ƙwan tsargiya suna maƙalewa har a mahaifa da gaban mace, su kawo ƙaiƙayi, zubar ruwa da ciwon mara. Ku gaya wa ungozomar asibiti, ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, dattawa daga shekara 45 zuwa 50, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon furostat, ku tattauna da likita kan awon PSA. Idan ya fito sama, kada a yanke ƙauna, don kun ji dalilan da ke ɗaga shi suna da yawa. Idan kuma likita ya ce a ƙara bincike, kada a gudu. Mai shan taba kuwa, ga ƙarin dalilin bari, don dafin hayaƙin ta fitsari yake fita, a mafitsara yake kwana.

Sankarar da aka tarar tana saman bango ana iya kankare ta ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. A wani nau'in ma akan zuba BCG a cikin mafitsara, irin wanda ake yi wa jarirai rigakafin tarin fuka da shi, don ya tayar da sojojin jiki. Tun 1976 ake wannan. Wadda ta riga ta ci bango kuwa, galibi sai an cire mafitsarar gaba ɗaya, in ma an samu halin yi. Bambancin biyun sau da yawa watannin da aka yi ne ana jira a gida, ana cewa bari a sayar da wake, bari a gama girbi.

Mun san kuɗin mota zuwa Maraɗi da na awo ba ƙaramin abu ba ne ga talaka. Amma tunkiyar da aka ƙi sayarwa a farkon ciwo, daga baya har gona takan bi ta. Limamai, masu gari, malaman lakwal da shugabannin ƙungiyoyin mata, muna roƙonku ku isar da wannan saƙo ga wanda ba ya karatu: jini a fitsarin yaro ciwo ne mai magani, jini a fitsarin babba kuwa ba a kwana da shi.

Mai tambaya ya aiko mana ta hanyoyin da aka saba, za mu miƙa ta ga ma'aikatan lafiya a shirinmu na kiwon lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.